Ƙwallon hannu: ta tsaya a makaranta ko ta bi ƙungiyar gasa?

Tambaya: 'Yata mai shekara 10 tana buga ƙwallon hannu a makarantarsu. Kocinta na so ta shiga ƙungiyar da ke fita gasa wasu jihohi. In amince?
Wata uwa, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Hajiya, ki ɗan dakata tukuna. A waɗannan shekaru yarinya ta fi buƙatar yawan taɓa ƙwallo fiye da yawan hawa mota. Ƙungiyar gasa nasara take nema, don haka ƙanana sukan daɗe a benci suna kallo. A makaranta kuwa za ta jefa, ta cafe, ta yi kuskure, a gyara mata. Ki bar ta ta gwada gudu da tsalle ma, jikinta ya ƙosa.

Damar ba za ta wuce ta ba, domin Sakkwato gidan wannan wasa ce. Ga ƙungiyar Rima Queens nan, ga filin wasa na Giginya kusa. Idan ta kai shekara 13 kuma ita da kanta take marmarin tafiyar, sai ku zauna da mahaifinta da kocin. Ki tambaya ƙarara: wace mace ce za ta raka su, ina za su kwana, yaya za a yi da boko da Islamiyya?