Holašovice: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani Kafin Ya Kama Hanya

Holašovice ƙaramin ƙauye ne a kudancin yankin Bohemiya na Jamhuriyar Cek, kimanin kilomita 16 yamma da birnin České Budějovice, kusa da dajin Blanský les, kuma mazaunansa ba su kai 200 ba. A shekarar 1292 Sarki Wenceslas na Biyu ya ba da shi kyauta ga gidan sufayen Kirista na Vyšší Brod, wanda ya riƙe shi har zuwa 1848. Annobar da ta ɓarke tsakanin 1520 da 1525 ta kusa share ƙauyen, har ana cewa mutum biyu kaɗai suka tsira, sai sufayen suka kawo manoma daga Bavariya da Ostiriya suka zaunar da su, abin da ya sa Jamusanci ya zama harshen wurin har zuwa lokacin da aka kori Jamusawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1998 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin kallon duka yana kewaye da dandali guda mai tsawon kimanin mita 210 da faɗin mita 70, wanda ke da ƙaramin tafki da maƙera da ɗan cocin Yohanna na Nepomuk da aka gina a 1755. Gidajen manoma 23 ne suka fuskanci wannan dandali, kowanne da babbar ƙofa mai baka wadda amalanke ke shiga ta cikinta, da rumbu a gefe, da goshin gini mai lanƙwasa da aka yi wa ado da farar ƙasa, sau da yawa da shekarar ginin a rubuce, galibi daga tsakiyar ƙarni na 19. Wannan salo shi masana ke kira barok ɗin ƙauye, wato kwaikwayon da magina na karkara suka yi wa adon majami'u da gidajen masu sarauta, kuma wanda ya saba ganin zanen fuskar gidajen Zariya zai gane irin alfaharin da mai gida ke nunawa da shi.

Matsalar da ta fi kama baƙi ita ce mota. Jirgin ƙasa ba ya zuwa ƙauyen, bas ɗin da ke tasowa daga České Budějovice kuma an tsara shi ne domin ma'aikata da 'yan makaranta, saboda haka yakan yi ƙaranci ƙwarai ranar Asabar da Lahadi, waɗanda su ne ranakun da masu yawon buɗe ido suka fi fita. Jadawalin da ke manne a tasha yana da alamomin da wajibi ne a iya karanta su: guduma biyu a gicciye na nufin ranakun aiki kaɗai, lamba 6 na nufin Asabar, gicciye kuma na nufin Lahadi da ranakun hutu, sa'annan kalmar "nejede" a ƙasan takardar tana nuna kwanakin da motar ba ta tafiya, wanda yakan shafi hutun makarantu na Yuli da Agusta. Wanda ya dubi lokaci bai dubi alamar da ke kansa ba, zai tsaya a bakin hanya yana jiran motar da ba za ta zo ba, ƙarshe ya kira tasi daga birni, kuɗinta kuwa ya ninka na bas sau da yawa. Littattafan tallan yawon buɗe ido sun cika yabon gine-ginen suna yin shiru a kan wannan, wanda sakaci ne. Hikima ita ce a bincika motar dawowa a manhajar IDOS tun kafin a tashi, a kuma kula wajen rubuta sunan, domin Holešovice, mai bambancin harafi ɗaya, unguwa ce a birnin Prag mai tashar jirginta.

Kuɗin ƙasar koruna ne, ba yuro ba, kuma yana da kyau a riƙe 'yan canji.

Awa ɗaya ko biyu sun isa a zaga ƙauyen, sai dai a lokacin bikin manoma na watan Yuli, sa'ad da dandalin ke cika da masu sana'ar hannu. Yawancin gidajen kuwa mutane ne ke zaune a cikinsu, don haka ba a tura ƙofa a leƙa tsakar gida sai inda aka sa alamar cewa baƙi na iya shiga.