Turken keke da tiyon roba

Mai doki ba ya sakin dokinshi cikin gida, sai ya kahwa mishi turke. To, dokin ƙarhe hwa? Ran nan na je wata cibiyar yaƙi da jahilci. Na iske kekuna a ƙohwa, biyu jingine da darni, sauran kwance cikin rairai. Da aka tashi karatu, wani ya tarda jaki ya taka tayarshi ta gaba, ta lanƙwashe. Haka ya ja kekenshi har gida, ga shi washegari kasuwa.

Keken da ake kwantarwa ƙasa ba ya daɗewa. Rairai yana shiga sarƙa, ya gauraya da mai, ya riƙa cin ƙarhe kamar dutsen washi. Ƴar ƙahwar da ake tokare keke da ita kuwa nutsewa take cikin rairai, iska kaɗan ta kada shi. Don haka yau za mu koyi yi ma keke turke.

Da mi za a yi shi? Itace, gara tana ci. Ƙarhe, sai an biya mai walda, kuma yana tsatsa. Tiyon roba na ruwa, irin wanda masu garka suke binnewa, gara ba ta cin shi, ba ya tsatsa, zarto kaɗai yake so. Ku nemi mai lamba 32, wato hwaɗin bakinshi milimetir 32 ne. Iri biyu ne: mai kauri na ruwan pampo, da marar kauri na zubda ruwan wanka. Mai kauri za ku ɗauka. Ɗayan ya hi araha, amma yaro ya taka shi ya hwashe. In mai garka yana da guntaye, sun isa. Kada dai a tono na pampon gari.

Sai mahaɗai. Akwai mai kama da gwiwar hannu, masu kanti suna ce mata kude. Ana son 4. Akwai mai baki uku, ana ce mishi te, don kamarshi ɗaya da baƙin T da kuka koya a allo. Shi ma 4. Ku tahi da guntun tiyonku kanti ku gwada, don lamba ta zamo ɗaya.

Yanzu awo. Nan ne karatu yake biyan mai shi. Ku shimhiɗa metir bisa tiyo, ku sa alama da gawayi, ku sake dubawa kahin ku yanka. Abin da aka yanke ba ya komawa. Dogaye 2, kowane santimetir 55. Na ƙasa 4, kowane santimetir 25. Na tsaye 4, kowane santimetir 15. Ƙanana 2, kowane santimetir 6. Wannan awo na babban keke ne, mai taya wajen santimetir 70. Ku yanka daidai, ba karkace ba, ku kankare bakin da wuƙa.

A hwara da ƙahwahu. Ɗauki te biyu, ka haɗa su da ƙaramin guntu, bakinsu na uku yana duban sama. Sa guntu mai 25 dama, wani hagu. Ƙahwa ɗaya ke nan. Yi ta biyu haka nan. Ajiye su ƙasa, ɗaya gaba, ɗaya baya. Cikin kowane te ka tsaida guntu mai 15, ka ɗora mishi kude a kai. Sa'an nan dogayen biyu su haɗa gaba da baya, ɗaya dama, ɗaya hagu. Za ka ga hanya ƴar siririya tsakaninsu. Nan taya za ta shiga.

Kada ka yi gaggawar sa kol. Tura tayar gaba cikin hanyar tukuna, ka saki keke. In yana rangaji, hanya ta yi hwaɗi: rage ƙananan guntayen kaɗan-kaɗan. In taya ta ƙi shiga, sake yanko waɗanda suka hi tsawo. Duba da kyau: robar taya ce za ta dahe tiyo gaba da baya, wajen kude. In wayoyin taya ne suke jingina da shi, awon bai yi ba, kuma su ne za su lanƙwashe. Ni na hwarko da na yi, ban gwada ba na sa kol. Sai da na sayi wasu te.

In ya yi daidai, ja layi da gawayi bisa kowace mahaɗa don ka gane mazauninta. Kol ɗin tiyo daban yake da na liƙin taya. Shahwa shi ciki da waje, tura, riƙe kaɗan. Yana kamawa nan da nan, ba ya jiran shawara. Yi aikin a hili, nesa da wuta da taba, don warinshi yana sa jiri kuma yana kama wuta. Bar shi ya kwana. Wanda bai da kuɗin kol ya buga mahaɗan da guntun itace su shiga sosai, ya riƙa duba su.

Tiyo ba shi da nauyi. Ɗura rairai cikin ƙahwahun, ka toshe bakinsu da tsumma. Ajiye turke cikin inuwa, a zaure ko ƙarƙashin rumhwa, don rana tana sa roba ta bushe ta tsage. Sauke buhu kahin ka sa keke ciki, in ba haka ba nauyi zai murɗe taya. Guntayen da suka saura kada a sa su murhu, hayaƙinsu guba ne.

Ga lissahin wannan mako. Tara tsawon guntayen duka 12: santimetir nawa ke nan? Metir ɗaya santimetir 100 ne. In mutum biyu suka haɗa kuɗi suka sayi sandar tiyo mai metir 6, za ta ishe su turke biyu? Santimetir nawa za su saura? Ku rubuta amsa cikin littahinku, ku kai ma malam.