Yadda Za Ka Hana Waya Cinye Maka Natsuwar Karatu

Ɗalibin Dagumawa da ke burin samun gurbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, dole ne ya bi ta JAMB. Tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, har da dogon rubutun da sai ka fahimce shi kafin ka amsa. A nan ne sabo da waya yake kayar da mutane.

Me ke faruwa?

An gina TikTok da Facebook ne don kada ka ajiye su. Bidiyo na ƙarewa wani ya hau, har ƙwaƙwalwa ta saba da tsalle-tsalle. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya a Amurka ta gano cewa a 2004 mutum kan yi kusan minti biyu da rabi a kan abu guda a allo kafin ya koma wani. A shekarun baya-bayan nan abin ya sauko zuwa daƙiƙa 47. Wanda ya saba da haka, kafin ya kai sakin layi na uku ya manta na farko.

Wani bincike na Jami'ar Texas a 2017 kuma ya nuna waɗanda aka ajiye wa waya a wani ɗaki sun fi waɗanda tasu ke kan tebur ƙoƙari a gwajin ƙwaƙwalwa, ko da tana shiru.

Abin yi

1. A wayar Android, shiga Settings ka nemi Digital Wellbeing, ka ga awa nawa kowace manhaja take ci maka a rana.
2. Sa wa wadda ta fi cin lokaci iyaka, misali minti 30.
3. Lokacin karatu kunna Focus mode, ko ka ba wani a gida ajiyar wayar.
4. Karanta shafi guda, ka rufe, ka faɗi abin da ya ƙunsa da bakinka. In ka kasa, sake karantawa.
5. Tunda a allo za ka zana JAMB, riƙa karanta dogon rubutu a waya, amma ka kashe data tukuna.

Fara da minti 15 yau, ka riƙa ƙara biyar duk mako har ka iya zaman awa biyu.