Gadon tiyata yana nan, mai sa barci ne babu

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata, kuma na daɗe ina aiki a asibitin sojoji. Idan ana hirar tsaro, kowa bakinsa na kan bindiga da jirgi. A 2021 da jiragen Super Tucano 12 suka iso daga Amurka, har a wurin mai shayi an san adadinsu. Amma ka tambayi mutum likitocin sa barci nawa rundunar soja take da su, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, ba a taɓa faɗa masa ba.

Tun 2009 ake fama da Boko Haram, kuma raunin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na nakiyar da ake binnewa a hanya. Sojan da ya taka ta yana buƙatar likitan ƙashi, da mai sa barci, da wanda zai auna jini, daga baya kuma mai gashin ƙashi da mai haɗa ƙafar roba. Mutum ɗaya ya ɓace a cikinsu, aiki ya tsaya. Akwai daren da aka kawo mana wani kofur, ƙafarsa ɗaure da tsumman rigarsa, an rubuta lokacin ɗaurin da biro a goshinsa. Mun kunna fitila, mun jera kayan aiki a kan tire, likitan tiyata ya wanke hannu. Mai sa barcin ɗaya ne tilo, yana ɗakin da ke kusa a kan wani majinyacin. Yaron sai cewa yake: "Sista, don Allah a fara." Mun jira, ƙafar ba ta jira ba.

Jirgi ana sayensa da kuɗi a kawo. Ƙwararren likita kuwa sai ya yi shekara 6 a jami'a, ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta bautar ƙasa, sannan kusan 5 na ƙwarewa. Yana gamawa Ingila da Saudiyya na miƙo hannu. Rundunar tana ɗaukar likitoci a matsayin hafsoshi na gajeren zango, gaskiya ne, amma ɗauka daban, riƙewa daban. Ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa ma ba a magana, duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne, ga sojoji na dawowa bariki ba sa iya barci.

Abin da ke ƙona min rai shi ne da zarar an taɓo zancen sai a ce sirrin tsaro ne. Inda aka girke dakaru sirri ne, na yarda. Yawan guraben likitoci da ke zaune babu kowa, wa yake karewa in ba wanda ya kasa cike su ba?

Duk shekara shugabannin rundunoni suna zuwa gaban kwamitocin Majalisar Tarayya su kare kasafinsu. Ɗan majalisar mazaɓarku yana da ikon tambayar gurbi nawa aka amince da shi, nawa aka cike, nawa suka ajiye aiki bara. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta takarda, a amsa masa cikin kwana 7. Ta keɓe abin da zai cutar da tsaron ƙasa, amma ta ce a saki bayanin idan amfanin jama'a ya rinjayi illar. Matan bariki da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, takardar nan shafi ɗaya ya ishe ta.