Filin Shawara: Maigidana na son gwal ɗina don noman gansakuka

Anti, ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Kano. Maigidana ya karanci ilimin ƙananan halittu a jami'a, amma koyarwa yake yi a wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai mu ƙarshen wata. Yanzu ya ce zai shiga noman wata irin gansakuka da ake kira sifirulina, a cikin bututun gilashi da ake jerawa a rana, injin yana zagaya ruwan. Ya ce Turawa na sayen ta da tsada, har man mota ana yi da gansakuka. Kuɗin sun fi ƙarfinsa, shi ne ya nemi in ba shi sarƙa da awarwaron gwal da na gada wurin mahaifiyata. Ban taɓa ganin ya yi ɗokin wani abu haka ba. Ina tsoron in hana ya ce ba na son ci gabansa, ina kuma tsoron in bayar mu tashi a tutar babu. Yaya zan yi?

Mai neman mafita, Kano

Ƙanwata, kada ki ba da gwal ɗin nan yanzu, kada kuma ki yi wa mijinki kallon mai shirme, domin abin da ya hango gaskiya ne. Inda na saɓa da shi shi ne ta ƙofar da yake son shiga.

Sifirulina ba baƙuwarmu ba ce. A yankin Kanem, arewa maso gabashin Tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar ta a saman tafkunan kanwa. Su zuba ta a ɗan rami cikin yashi ta tsane, rana ta busar da ita, su kakkarya su kai kasuwa da sunan dihe, a yi miya a ci da tuwon gero. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, daga nan masu bincike suka yi mata caa. Busasshiyarta kusan kashi 60 cikin 100 sinadarin gina jiki ne.

Batun man mota, ki ce masa ya ajiye shi gefe. Kamfanin ExxonMobil ya shiga wannan bincike a 2009, ya zuba sama da dala miliyan 350, a 2023 aka samu labarin ya janye. Dalilin a fili yake: a buɗaɗɗen tafki, lita ɗaya ta koren ruwan nan ba ta cika ba da abin da ya wuce rabin giram na busasshen kaya ba. Kafin a juya ruwa, a tace, a busar, a matse mai, kuɗin da aka kashe sun ninka na fetur.

Bututun gilashin kuwa akwai su, suna kuma aiki. A garin Klötze na Jamus akwai gonar da ke noman wata gansakuka mai suna kulorela tun shekarar 2000, tsawon bututunta ya kai kilomita 500. A Ketura, cikin hamadar kudancin Isra'ila, ana noma wata irin a bututu don samun jan sinadarin astazantin mai tsadar gaske. Amma ki lura da abin da ya sa suke killace nasu. Waɗancan ire-iren a ruwa mai daɗi suke rayuwa, ruwan da kowace ƙwayar cuta da kowane ƙwaro ke so, don haka in ba a rufe su ba wasu halittu za su mamaye su. Ita sifirulina a ruwan kanwa mai ƙarfi take girma, inda mafi yawan abokan gabarta ba sa iya zama. Kanwar ce mai gadinta. Shi ya sa manyan gonakinta, irin Earthrise a Kalifoniya da Cyanotech a Hawai, buɗaɗɗun tafkuna ne marasa zurfi, da farfela mai juya ruwa a hankali.

Ga kuma zafin garinku. Sifirulina ta fi jin daɗi tsakanin digiri 30 zuwa 35, in ruwan ya haura 40 ya daɗe a haka sai ta fara mutuwa. Kin san yadda ruwan leda yake komawa in aka manta da shi a rana a watan Afrilu. Haka ruwan cikin gilashin zai zama, sai an yi ta feshi ana sanyaya shi. Iskar oksijin da gansakukar ke fitarwa tana taruwa a rufaffen bututu ta hana ta girma in ba a zuƙe ta ba. Jikin gilashin yana yin dauɗa ya tare haske, sai an wanke. Duk wannan yana son injin da ba ya tsayawa, ke kuma kin fi ni sanin halin wutar unguwarku. Ɗauke wuta na yini guda a tsakiyar bazara ya isa ya kashe aikin watanni.

Ki zaunar da shi bayan ya ci ya huta, ki ce kina tare da shi amma a fara da abin da albashi da ɗan adashe za su ɗauka. Kwarmi na bulo da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, zurfin ruwa kamar taƙi ɗaya, da rumfar leda mai haske saboda ƙurar hunturu da ruwan sama. Iri mai tsabta ya nema ta hannun malamansa na jami'a. Masu ƙananan gonaki ba su cika samun fiye da giram 10 a kowace murabba'in mita a yini ba, a sanyin hunturu ma abin raguwa yake. Ya riƙa aunawa yana rubutawa har shekara ta zagayo.

Sannan ki yi masa tambayar da na tabbata bai tsaya a kanta ba: wa zai saya? Ban da "Turawa". Sunan mutum nake nufi, mai kantin magani ko mai haɗa abincin kifi da kaji, da farashin da ya yarda zai biya. Kayan da mutane za su ci kuma sai an gwada shi a ɗakin bincike an samu rajistar hukumar NAFDAC, domin gansakuka tana zuƙar dalma da makamantanta daga gurɓataccen ruwa.

Gwal ɗinki dukiyarki ce, shari'a ba ta ɗora miki ba da ita ba, hanawar kuma ba rashin biyayya ba ne. In shekara ta cika lissafi ya nuna riba, ranki kuma ya kwanta, sai ki sa wani sashe a matsayin jari ko bashi, a rubuce, gaban shaidu biyu, ɗaya daga danginki. In ya yi fushi a daren farko ki ƙyale shi ya huce. Mutumin da ya karanci fannin nan ya san zancen zafi da oksijin gaskiya ne.

* * *

Anti, ana tallar ƙwayoyin sifirulina a WhatsApp cewa suna warkar da ciwon sukari. Mahaifina na son ya bar allurarsa ya koma kansu.

Ɗanki, daga Maraɗi

Ɗana, ka hana shi, yau ba gobe ba. Sifirulina abinci ce mai gina jiki, ba ta maye gurbin allurar insulin, kuma barin allurar na iya kai Baba ga suma ko abin da ya fi haka. Wadda ba a san inda aka noma ta ba tana iya zuwa gauraye da wata gansakukar mai dafin da ke lalata hanta. In yana son sha a matsayin ƙarin abinci, ku ɗauki kwalbar ku kai wa likitansa ya duba tukuna.