Darasi na Goma Sha Huɗu: Birkin Motar Gudu

Idan ka goga tafin hannuwanka biyu da ƙarfi, za ka ji sun yi ɗumi. Haka birkin mota yake aiki. A bayan taya akwai wani faifan ƙarfe da yake juyawa tare da ita. Idan direba ya taka birki, sai man birki ya tura fistin, shi kuma ya matse takalman birki guda biyu a jikin faifan. Wannan gugar ce take mayar da gudun mota ya zama zafi, har motar ta tsaya.

Ka riƙe wannan ƙa'ida: idan gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha yakan ninka huɗu. Tsayar da mota daga gudun kilomita 160 a awa, aiki ne huɗun na tsayar da ita daga kilomita 80. Shi ya sa motocin da aka ƙera domin gudu, irin su Golf GTI, wadda kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara sayarwa a 1976, suke buƙatar kulawa ta musamman.

Ƙafafun gaba su ne suke ɗaukar mafi yawan aikin, domin nauyin mota yakan rinjaya gaba idan an taka birki. Saboda haka mutane sukan manta da na baya, alhali su ne suke taimaka wa mota ta tsaya a saiti, ba tare da ta karkace ba. Idan kaurin takalmi ya ragu zuwa milimita 3, lokacin canji ya yi. Wanda ya yi sakaci har ƙarfe ya fara cin ƙarfe, to, zai sayi faifai ma, ga kuma haɗarin da ya jefa kansa.

Bari mu ga yadda makanike yake canza na baya. Yakan ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ya sa ta a giya, ya tokare ƙafafun gaba, sannan ya saki birkin hannu. Sai ya sassauta notuna, ya ɗaga motar da jak, ya tallafe ta da tsayayyen ƙarfe. Kada ka taɓa amincewa da jak shi kaɗai, ko da aikin minti biyu ne. Bayan cire taya, sai ya kwance ƙarfen da ya rungume faifan, wanda makanikai suke kira kalifa, ya rataye shi da waya don kada nauyinsa ya ja robar da man birki yake bi.

A nan ne ake gane gwani. Sabon takalmi ya fi tsoho kauri, don haka dole a mayar da fistin ciki. Na gaba turawa kawai ake yi. Amma a motoci da yawa, har da Golf masu birkin hannu na ja, fistin na baya yana haɗe da birkin hannun, sai an murɗa shi kamar noti, ana murɗawa ana turawa, da wani ƙarfe da aka yi domin haka. Mai gaggawar da ya danna shi da ƙarfin tsiya zai lalata kalifa. Motocin zamani kuwa, masu birkin hannu na lantarki, galibi sai an fara buɗe birkin da kwamfuta. Daga nan sai a goge wurin, a shafa ɗan giris inda takalmi yake zamewa, ban da fuskar da take taɓa faifai. Dama da hagu tare ake canza su.

Kafin motar ta motsa, sai a yi ta taka birki har ya yi tauri. Wanda ya manta da wannan, takun farko zai nutse ƙasa ba tare da birkin ya kama ba.

Saura man birki, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Yana shan danshin iska a hankali. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 ko fiye, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa tun a wajen digiri 155. Da zarar ya tafasa, sai tururi ya cika bututu, birki ya yi laushi a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Kamfanoni da dama sukan ce a canza shi duk bayan shekara biyu.

Sababbin Kalmomi
guga: haɗuwar abu biyu suna gogar juna
tokare: sa wa abu dutse ko katako don kada ya motsa
sakaci: rashin kula
rinjaya: karkata gefe guda saboda nauyi

Tambayoyi
1. Me ya sa birkin motar gudu ya fi shan zafi?
2. Ta yaya fistin na baya ya bambanta da na gaba?
3. Yi amfani da "kada ka taɓa" a cikin jimloli biyu naka.