Darasi na 14: Jikin Wayar Salula

Idan kun shiga kasuwar Jalingo, ku tsaya a rumfar masu sayar da waya, ku jinjina guda biyu a hannu. Wata za ta fi wata nauyi, wata kuma za ta fi sanyi a tafin hannu. Sau da yawa bambancin yana ga abin da aka ƙera jikinta da shi.

Wayoyi masu araha, kamar yawancin na Itel da Tecno, da roba ake yin jikinsu. Masu tsada kuwa akan yi musu da ƙarfe, galibi alminiyam, wato irin ƙarfen da maƙera suke narkawa su zuba tukunya. Nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, ba ya yin jan tsatsa, kuma yana fitar da zafi da sauri. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a Jalingo cikin watan Maris, domin zafi yana gajiyar da batir. Daga wata ƙasa mai suna boksait ake samun alminiyam, kuma akwai ta a tsaunin Mambila, a nan jihar Taraba.

Aibinsa shi ne laushi: makulli ko yashi yana iya karce shi. Saboda haka ake tsoma shi cikin ruwan asid, a sakar masa lantarki. Sai wata fata mai tauri ta fito a kansa, mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Rini yana shiga ramukan, sannan a toshe su. Shi ya sa launin ba ya ɓarewa kamar fenti.

A shekarar 2023 kamfanin Apple ya yi wa iPhone 15 Pro gefe na taitaniyam, wanda ya fi alminiyam ƙarfi da tsada. Amma kowane ƙarfe yana tare sabis. Ku duba gefen wayar ƙarfe, za ku ga siraran layukan roba. Ta nan saƙo yake shiga da fita.

Tambayoyi
1. Me ya sa alminiyam ya dace da gari mai zafi?
2. Yaya ake sa masa launi?
3. Mene ne amfanin layukan roba a gefen waya?
4. Ku yi jimla da kowace kalma: jinjina, narka, karce, tsatsa.